Markar Tabarma a Gidan Harira

Duk wanda ya bi ta bayan Katabu a watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan tsakar ka, idan ya ɗaga ido zai ga wani gida mai ɗaki biyu da zaure, an shimfiɗa tsofaffin tabarmi a kan kwanonsa an danne da duwatsu. Baƙo yakan ɗauka shanya aka yi. Ba shanya ba ce. Farantan sola ne a ƙarƙashin tabarmin, kuma matar gidan ce ke sa a rufe su da gangan duk shekara. Sunanta Harira, matar Malam Inuwa tsohon direban tirela, amma matan unguwa Uwar Zabi suke ce mata.

An haife ta a wani ƙauye gabas da Rigachikun, a gidan manoma. Karatunta bai yi nisa ba, allo ne da aji huɗu na firamare. Tun tana 'yar shekara bakwai kakarta ta sa mata hannu a harkar zabi. Zabuwa ba uwar kirki ba ce, a cikin ciyawa take zuba ƙwanta, kuma ko ta kwanta, da ta ji motsi sai ta tashi ta yi gaba. Shi ya sa kaza ake bai wa ƙwan zabi ta yi kwanci. To amma ƙwan kaza kwana ashirin da ɗaya yake yi, na zabi kuwa sai ya kai ashirin da bakwai ko da takwas, kuma ba kowace kaza ke da wannan haƙurin ba. Tsohuwar ba ta taɓa ba kaza ƙwai don ta ga tana da ƙiba ko ta iya kumbura gashi ba. Wasu duwatsun rafi gare ta masu santsi, guda bakwai, a cikin ƙwarya. Su take jera wa kaza a akurki, ta zuba mata ido kwana uku. Wadda ta zauna a kan dutse kwana uku ba ta ƙosa ba, ita ake ba ƙwai. Wadda ta tashi, sai tukunya ko kasuwa. Da tsohuwar ta rasu, aka raba 'yan kayanta, Harira ba ta nemi komai ba sai ƙwaryar duwatsun.

Da su ta tare a gidan Inuwa a Abakpa. Shekara ashirin da biyu suka yi a gidan haya, shi yana kan hanya tsakanin Legas da Kano, ita tana renon 'ya'ya huɗu da kaji biyu a kwando a bayan kicin, mai gidan haya yana mita. Da ciwon baya ya sauke Inuwa daga mota, suka koma filin da ya saya tuntuni a Katabu, a sabuwar unguwar da ko turken wuta bai iso ba. A nan ne Harira ta samu filin kiwo yadda take so, a nan ne kuma babbar 'yarsu Hauwa, wadda ke aikin jinya a cikin gari, ta sayo mata injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai ɗari da ashirin, da farantan sola uku. Saura batir. Inuwa ya ce wannan a bar masa.

Washegari sai ga shi da wani baƙin batir a bayan mashin, daga Mararraba, inda abokansa direbobi ke yada zango. Mutum biyu suka kama masa aka sauke.

Ya buga saman batirin da tafi ya ce, "Kin ga wannan? Da irinsa nake tayar da mota mai buhu ɗari shida a sanyin Jos. Shi ne za ki ce ba zai iya ɗumama ƙwai ba?"

"Ni ban ce komai ba, Malam."

"Bakinki bai ce ba, idonki ya ce."

Da farko abin ya yi kyau. Zabi da damina suke yin ƙwai, don haka ruwa na sauka Harira ta zuba na farko, suka fito tsaf. Magana ta zaga unguwa. Mata suka fara kawo nasu, kowacce ta yi wa ƙwanta alama da fensir ko gawayi, wannan ɗigo biyu, waccan da'ira, wata tafin kaza. A kowane tsaki goma da suka fito, biyu na Harira ne. Maƙwabciyarta Turai, mace mai baki wadda ke sayar da dafaffen ƙwan zabi a bakin titi, ita ta fi kowa kawowa a zubi na uku. Arba'in ta ƙirgo, ta ce a wannan karon ba za ta dafa ba, so take ta fara garken kanta.

Ƙwan suna da kwana goma sha tara a inji marka ta sauka. Watan Agusta ne. Ruwa ba mai ƙarfi ba, yayyafi ne da ba ya ɗaukewa, sama ta yi fari fat kamar an kifa ƙwarya. Ranar farko inji ya yi aikinsa. Rana ta biyu, Harira ta idar da sallar asuba ta leƙa ɗakin, ta ji shiru. Ta sa bayan hannu a kan ƙwan, ta ji su kamar ƙasan randa. Ta dafa ruwa ta ɗura a kwalabe ta jera, ta kawo garwashi a kasko, ta lulluɓa bargo. Gefe ɗaya ya yi zafi da yawa, ɗaya gefen bai ji komai ba. Kwana uku aka yi ba a ga rana ba. Ranar ƙyanƙyasa, a cikin ɗari da ashirin, tara suka fito. Ta fasa wasu ta gani. 'Yan tsakin sun haɗu har da gashi da baki, sun mutu a ciki. Ta haƙa rami a bayan gida ta binne, sannan ta yafa mayafi ta bi gidajen matan ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri.

Turai ta ce, "Ba komai, Yaya Harira, haka Allah Ya rubuta. Sai dai da na sani, da na dafa abina na kai titi, ko ba komai da wani ya ci ya yi hamdala."

Bayan nan, a gidan suna ko biki, idan Harira ta shigo sai ta ji ana cewa a matsa wa mai injin baragurbi. Da dariya ake faɗa, ita ma takan yi murmushi. Amma ta san abin da ke ƙarƙashin dariyar. Tun tana yarinya ba a taɓa ba ta ƙwai ta dawo da hannu wofi ba, kuma ta san idan damina ta zagayo babu mai sake ƙwanƙwasa mata ƙofa, in ma an samu mai ƙwanƙwasawa, sau ɗaya ne ya rage mata. Inuwa kuwa bai ce batirinsa ne ba. Ya ce injin ne na zamani, ba shi da ƙwari. Amma ya daina buga saman batirin da tafi.

A watan Maris ta sayar da awakinta biyu da rago, ta ce wa Inuwa ya raka ta unguwar Kawo, shagon wani mai kayan sola da Hauwa ta kwatanta mata. Sunansa Abdulmalik, mutum ne da ya ba arba'in baya, mai tabarau a goshi da fensir a bayan kunne. Azumi ya gabato, shagon cike da masu neman abin da zai juya musu fanka ya daskarar da ƙanƙara. Da layi ya zo kansu, Inuwa ya riga ta magana, ya ba da labarin injin da batirin da ya tayar da mota a sanyin Jos.

Abdulmalik ya ce, "Baba, batirinka ba shi da laifi, aikin da aka ba shi ne ba nasa ba. Na mota an yi shi ne ya yi wani irin ƙarfi na ɗan lokaci, ya tayar da inji, nan take injin ya mayar masa da abin da ya ci. Idan aka ce ya yi ta bayarwa kaɗan-kaɗan har ya kusa ƙarewa, yau da gobe, 'yan watanni ne zai gaji."

Harira ta ce a hankali, "Ashe zakara muka ɗora a kan ƙwai."

Mutanen shagon suka kwashe da dariya. Inuwa ya gyara hula ya ce shi dai zakaran nan ya ciyar da gida shekara ashirin.

Abdulmalik ya nuna mata iri uku. Akwai busasshe, wanda ba a zuba masa ruwa, ba ya son zafi kuma idan ya fara gajiya ba ya nunawa. Akwai dogo mai ruwa, mai nauyin tsiya, da 'yan marafai shida a kansa, kowanne da jan tsinke mai hawa da sauka yana nuna ruwan da ke ciki. Shi sai an riƙa ƙara masa ruwan batir, ba na rijiya ba, a ajiye shi inda iska ke shiga, kuma kada a ci fiye da rabinsa. Sai wani farin akwati marar nauyi, lithiyom, wanda ake iya cinye kusan duk abin da ke cikinsa, ba ya shan ruwa, ya kuma fi su daɗewa. Ya ce da hali ya kai, shi zai ce ta ɗauka. Amma wanda awakinta za su kai gare shi ƙarami ne, bai kai rabin dogaye biyu ba.

"Mama, fanka nawa ne a gidan?"

"Ni ba don zafi na zo ba, Injiniya. Don marka na zo. Wanne ne zai yi kwana uku ba rana?"

Ya sauke tabarau kan hanci ya kalle ta. Ya ce tun da ya buɗe shago, duk mai zuwa zafi ne ke koro shi, ba wanda ya taɓa tambayarsa marka a watan Maris. Ya zare fensir ya yi lissafin abin da injin ke ci, ya ce dogaye biyu, sababbi, iri ɗaya, za su kai in sha Allahu. Ya ce abin da ke kashe su a gidaje mantuwa ce, a bar su da ƙishirwa.

Ta ce, "Sau uku nake ba kaji ruwa a yini. Kuma waɗannan ina ganin tsinkensu da idona. Su nake so. Amma sai na ba su dutse."

Bai gane ba. Ta ba shi labarin kakarta da ƙwaryar duwatsu. Ta ce za ta rufe farantan ta yi markar kanta tun yanzu, ta zuba duwatsu a inji maimakon ƙwai, idan batiran suka tashi kafin kwana uku, za ta dawo masa da kayansa. Abdulmalik ya yi dariya har ya dafa teburin shagon, sannan ya daina dariyar. Ya ce ya yarda, in dai ba a ji musu rauni ba. Amma ya ce marka ba duhu ba ce, ko a cikin hadari faranti yana ɗan tsotsar wani abu, don haka ta nemi tabarmi tsofaffi masu ɓula, kada ta sa leda. Ya nuna mata ɗan allon da ke nuna lamba, ya ce idan ta ga sha biyu cif, rabi ke nan, daga nan duk abin da aka ci, daga kwanakin batiran ake ci.

Aka kai kaya aka haɗa, aka bar su mako guda suka ƙoshi da rana. Ranar wata Asabar Inuwa ya hau tsani yana ƙunƙuni da riƙe ƙugu, ya shimfiɗa tabarmi. Turai ta leƙo ta kan katanga.

"Yaya Harira, lafiya? Mutane suna sayen sola don rana, ke kina yi wa naki lulluɓi. Ko amarya ce?"

"Kwanci take koya."

"To Allah Ya sa kada ta haifo mana baragurbi."

Harira ta jera duwatsun kakarta bakwai a inji, ta cike sauran gurbin da na bakin rafi. Kafin azahar ta lura da wani abu. Injin yana da wata 'yar jar fitila da ke kamawa idan yana hura zafi, ta mutu idan zafin ya isa. A markar bara, ta tuna, idan fitilar ta kama, sai ta ja carbi talatin da uku kafin ta mutu, kuma ba ta daɗewa take sake kamawa. Yanzu kuwa ko bakwai ba ta kaiwa. Zafin gari ne ke yi wa injin aikinsa. Wannan ba gwaji ba ne, ruɗin kai ne. Ta jiƙa buhuna ta rataya a taga da ƙofa, ta yayyafa wa ƙasan ɗakin ruwa, ta ɗan sassauta murfin injin ta sa tsinken tsintsiya ta tokare. Ta zauna da carbi tana ƙirgawa, tana ƙara buɗe murfin kaɗan-kaɗan, har fitilar ta koma cin talatin da uku. Sannan ta fara ƙirga kwana daga nan.

Rana ta biyu da la'asar, allo ya nuna sha biyu cif.

Ta tsaya a gabansa ta daɗe. Ba ta yi fushi ba, sai dai ta san babu wasu awakin da za ta sayar. Ta kira Abdulmalik a waya. Ya ce ba zai yiwu ba, lissafinsa bai taɓa yin irin wannan kuskuren ba, ya tambaye ta ko akwai wani abin da ke jikin batiran ban da inji. Ta ce babu. Ya ce ta bi wayoyin da hannu. Ta bi. A bayan batiran ta samu wata siririyar waya da ba ta san da ita ba, ta bi ta gindin bango, ta ƙarƙashin buhu, ta ratsa tsakar gida a cikin ƙasa, ta ɓulla a zaure. A zauren ta tarar da Malam Inuwa a kishingiɗe, fanka tana kaɗa masa riga, ga rediyo, ga wayoyin hannu goma sha huɗu a jere a kan tabarma kamar ana tallar su, da tociloli uku.

"Malam."

Ya tashi zaune. "Yanzu fisabilillahi, Harira, liman ya aiko da wayarsa, in ce masa me? Mai unguwa ya aiko. Ga ta Turai ma can, mai jan gida. Gidanmu kaɗai ke da wuta a layin nan. In ce ba zan sa musu caji ba saboda ana dafa duwatsu a ciki?"

Gaskiya ya faɗa. A unguwar da babu wuta, wanda Allah Ya hore wa ba ya hana maƙwabci cajin waya, kamar yadda ba a hana ɗiban wuta a murhu. Ita kanta da za a aiko mata ba za ta iya mayarwa ba. Ta gane kuma cewa ko bara haka aka yi, ba batirin motar kaɗai ya kashe ƙwan ba, har da kunyar maƙwabta.

Ita ta kawo mafita. Ta ce a ɗauko zakaran daga inda aka jingine shi, a sayo masa ɗan ƙaramin farantinsa, a kafa shi a zaure. Wayoyin unguwa nasa ne, in ya ƙare ya ƙare, kowa ya ga ba rowa ba ce. Dogayen kuwa na ƙwai ne, ko allura ba za a rataya musu ba. Inuwa ya ji daɗin an dawo da batirinsa bakin aiki, har ya goge shi da tsumma. Aka yaye tabarmi, batira suka ƙoshi, aka sake rufewa. A wannan karon sai da safiyar rana ta huɗu allo ya nuna sha biyu. Harira ta kira Abdulmalik ta ce masa kaji sun zauna.

Damina ta sauka. Zubin farko da na biyu ƙwanta ne kaɗai, ba wadda ta kawo. Suka fito lafiya, mata suna leƙowa suna gani suna komawa. Sai a zubi na uku, wanda kowa ya san zai ratsa Agusta, Turai ta shigo da kwano a rufe.

"Talatin ne. Na ga duwatsunki sun yi ɗumi, shi ya sa. Amma wallahi idan aka maimaita, har jikokinki sai sun ji labari."

Ganin Turai ta kawo, wasu mata biyar suka biyo baya. Inji ya cika.

Ƙwan suna da kwana ashirin da biyu marka ta zo. Ranar farko da safe, ba tare da kowa ya ce masa komai ba, Inuwa ya tattara wayoyin zaure ya mayar wa masu su, ya ce batirin yana hutu. Harira ta lulluɓa wa injin bargo ta bar masa wurin shan iska. Ba ta buɗe murfi sai dole. Rana ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce, tana duba allo bayan kowace salla. Ranar ta huɗu gari ya waye da yayyafi kamar jiya. Da hantsi allo ya nuna sha biyu cif, sama kuwa ko alamar tsagewa babu.

Ta sa ƙwai ɗaya mai alamar Turai a kunne, ta ji ɗan motsi a ciki, kamar ana taɓa ƙofa da farce. Idan ta bar injin a kan dogayen, za su iya kaiwa yamma, wataƙila gobe, amma tana cin kwanakinsu, kuma ba ta san ranar da markar za ta yaye ba. Idan ta cire, ta san abin da za ta binne a bayan gida. Ta yanke a ranta cewa za ta bar shi, batir ya mutu ya fi amanar mutane ta mutu. Tana nan tsaye sai ta ji ana jan abu a zaure. Inuwa ne, ya kira mai mashin, suna ɗaure baƙin batirinsa da roba.

"Ina za ka a ruwan nan da wannan bayan naka?"

"Mararraba. Ke dai riƙe min su zuwa azahar. Injiniyanku ya ce irin wannan batirin, injin mota ne ke mayar masa da abin da ya ci, ko ba haka ya ce ba? To ni na san inda injuna suke."

Ya tafi. Abokinsa na da can yana nan a tasha da motarsa, suka ɗaura batirin a jikinta, aka bar inji yana ruri suna shan shayi a rumfa. Ana kiran azahar ya dawo a jiƙe sharkaf, yana tafiya a karkace. Suka cire maƙalan injin daga dogayen suka maƙala wa na motar. Jar fitila ta kama. Harira ta ja carbi, talatin da uku, ta mutu, ta sake kamawa.

Inuwa ya ce, "Zakara dai, zakara dai. Ga shi yau ya yi kwanci."

"Na yini ɗaya, Malam."

"To yini nawa kike nema?"

Ya riƙe injin har wayewar gari, dogayen suna hutawa suna tsotsar ɗan abin da ke ratso hadari. Washegari wajen ƙarfe goma yayyafi ya tsaya, gajimare ya yi wata 'yar ɓaraka ta gabas, rana ta leƙo a kan kwano. Harira ta ga lambar allo ta fara hawa, ta shiga ɗaki ta yi sujada.

Ba duka suka fito ba. A cikin ɗari da ashirin, casa'in da huɗu ne suka fasa, sauran wasu tun asali ba su da ɗa, wasu kuma sun gaza a hanya, kamar yadda akan samu ko a ƙarƙashin kaza. Na Turai ashirin da biyar. Ta zo da kwando da tsumma, ta durƙusa tana ɗaukar su ɗaya-ɗaya tana duba ƙafafunsu, ta ware biyar ta tura gaban Harira. Ba ta yi godiya da baki ba. Da za ta fita ta tsaya a zaure ta zaro wayarta mai jan gida daga cikin zani.

"Malam Inuwa, batirin ya dawo daga hutun, ko har yanzu yana jego?"

Inuwa, wanda ya yi mako guda yana shafa man zafi a baya, ya miƙa hannu ya karɓa.

Shekara huɗu ke nan. Garken Turai ya kai har yana damun masu gonar masara. Harira tana duba jajayen tsinkayen nan duk ranar Juma'a bayan ta share ɗakin, ta ƙara ruwa inda ya sauka, kuma duk Afrilu sai an hau da tabarmi, sai dai yanzu ba kwana uku take nema ba, huɗu ne, tun da marka ta nuna mata tana iya wuce uku. A bana lamba ta kai sha biyu tun da yammacin rana ta uku. Dogayen sun fara tsufa. Ta sa an yaye tabarmin, ta mayar da duwatsu cikin ƙwarya, ta fita bayan gida ta tsaya tana kallon awakinta, tana duba waɗanda za su tafi kasuwa kafin ruwa ya sauka.